Ƙwan Zabi a Shekarar Jinya

A gidan da na tashi a Kumbotso, ƙwai abin saye ne. In za a yi baƙi ko za a gasa kek sai a aika kanti a karɓo, a fasa shi a ranar. Ban san ana ajiye ƙwai ya yi watanni ba sai da aure ya kai ni wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a farkon shekarun dubu biyu, na tarar da surukata da zabinta.

Ba mu da yawa a gidan. Daga ni sai maigidana, sai mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, sai ƙaninsa wanda a lokacin bai yi aure ba, yana kwana a shagon ƙofar gida. Daga baya Allah ya ba mu yara biyu, mace da namiji. Maigidana manomi ne, gonarsa tana bakin kanal ɗin ruwan noman rani: shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Mahaifinsu ya rasu tun kafin a kawo ni.

Zabin Inna ba su da akurki. A kan darbejiyar bayan gida suke kwana, gari na wayewa su sauko su bi gefen gonaki suna tsince-tsince. Ba sa yin ƙwai sai ruwan sama ya zauna, kuma ba a gida suke yi ba. Cikin ciyawa suke samun wuri su yi gurbi, wani lokacin zabi da yawa su haɗu a gurbi ɗaya. Inna ta san takunsu. Da hantsi za ta yafa mayafi ta ɗauki ƙwarya da dogon ludayi ta fita. Da ludayin take ɗebowa, ba ta sa hannu, don ta ce in zabuwa ta ji warin mutum a gurbinta ta bar shi ke nan. Kuma ba ta kwashewa duka, sai ta bar ɗaya ko biyu.

A daminata ta farko ta dawo da ƙwarya cike, ta ajiye a tsakar gida ta shiga salla. Na ga ƙwan duk laka da kashi, sai na zuba ruwa na wanke su tas, na jera a faifai, ina ganin na yi abin kirki. Da ta fito ta tsaya ta dube su.

"'Yar nan, kin wanke su ne?"

Na ce, "Eh, Inna, na ga sun yi datti."

Ta ce, "To, waɗannan na ci ne. Ƙwan da ya taɓa ruwa ba ya ajiyuwa. Gobe in na kawo ki zo ki gani."

Washegari na zauna kusa da ita na gani. Da busasshen tsumma take goge kowanne. Wanda ya tsage, ko da tsagar ba ta fi gashi ba, sai ta ware shi. Sauran ta ɗan lakaci man gyaɗa a tafin hannu ta murza su ɗaya bayan ɗaya har ɓawon ya yi sheƙi. Tana da wata tsohuwar randa da ta daina riƙe ruwa, a kusurwar ɗakinta inda rana ba ta kaiwa, a zaune kan yashi. A ciki take zuba ɓuntun shinkafa, irin wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injin casa, ta jera ƙwai kan tsininsa a ƙasa, ba wanda ke taɓa wani, ta sake rufewa da ɓuntu, ta sake jerawa. Yashin da ke ƙarƙashin randar kuwa kullum tana yayyafa masa ruwa. Ƙwan kaza ba ya shiga randar nan. Ta ce ɓawonsa ba shi da ƙwari, ba ya jure zama.

Ajiyar ta kasuwa ce. Da damina ƙwan zabi ya yi yawa, yara na yawo da shi dafaffe a faranti a bakin titi, ba shi da daraja. Inna sai ta jira zabi su daina, sanyi ya shigo, sannan ta riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan tana ba wata mai talla. Da shi take sayen goro da sabulu da zanen salla, ba ta tambayar kowa. A gidan kuwa ba a cika cin sa ba, yara ma sam ba a ba su. Inna tana cikin masu cewa yaron da ya saba da ƙwai hannunsa ba ya tsayawa a kan nasa. Ban yarda da wannan ba, amma ban yi mata musu ba. In na je gida Kumbotso sai in dafa wa nawa su ci.

Maigidana shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mai kunya ce irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta zama inda yake zaune. In ya durƙusa gaishe ta da safe, tana kallon wani wuri take amsawa. In tana son a gaya masa wani abu, ni take gaya wa: "Ki ce wa mutanen ɗakinku katangar baya ta fara zubewa." Da ƙanin kuwa hira suke yi har da dariya.

A shekarar da nake ba da labari, maigidana ya fara tari bayan girbin shinkafa. Ba mu ɗauke shi komai ba, don duk wanda ya yi bugun shinkafa sai ya yi tari. Amma nasa bai tafi ba. Ya riƙa tashi da safe rigarsa jiƙe da gumi alhali ana sanyi, abinci ya fita daga ransa, wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya dage ya yi dashen tumatir a haka. Ranar da ya tofar da kaki na ga jini a ciki, na je na sami ƙaninsa na ce ya fito da babur.

A asibiti a Kura aka gwada kakin aka ce tarin fuka ne. Aka ba shi magani, aka ce na watanni ne, kar ya tsallake ko da ya ji sauƙi. Malamar da ke ba da maganin ta ja ni gefe ta ce in ware masa kwano da kofi, in riƙa buɗe taga, yara su rage shiga ɗakin. Sannan ta ce, "Maganin nan yana da ƙarfi, ba ya son cikin da babu komai. Ki ba shi ƙwai, ki ba shi wake da madara, nama in an samu. In bai ci ba, wahala za ku sha."

Da muka dawo na shiga wajen Inna na gaya mata duk abin da aka ce. Tana tsinke zogale a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da safe ta kira ni. Na tarar ta buɗe randa ta fito da ƙwan sama-sama a ƙwarya.

"Duba min waɗannan. Ina jin sun fara juyawa. Ki tafi da su kar su lalace a banza."

Ita ta koya min gwajin, don haka na ɗebo ruwa a kwano na sa su. Wanda ya nutse ya kwanta lafiyarsa ƙalau, wanda ya tsaya da tsininsa a ci shi a ranar, wanda ya taso sama na bola ne. Duk suka nutse suka kwanta. Na ce, "Inna, ai ba abin da suka yi."

Ta ce, "To, tunda sun taɓa ruwa ba sa komawa. Ɗauki."

Tun daga ranar, kowace safiya in na fito zan tarar da ƙaramar ƙwarya a bakin ƙofata an rufe da faifai. Mai tallar ta zo sau biyu ko uku tana tambaya, Inna ta ce mata bana ba ta ajiye da yawa ba.

Samun ƙwan bai zama wahala ba, sa shi ya ci ne wahalar. Ranar farko na dafa masa na ɓare na barbaɗa yaji. Ya gutsura sau ɗaya ya ture, ya ce ƙarnin yana tayar masa da zuciya, gwaiduwar kuma tana maƙale masa a wuya. Na soya masa waina da albasa da attaruhu, man ya dame shi. Sai na koma ɓoye shi a cikin abin da ya saba ci. Kunun gyaɗa ne ya fara karɓa. In kunun ya dahu sai in rage wuta, in kaɗa ƙwai a kofi har ya saki, in riƙa zuba shi siriri ina juyawa da sauri don kar ya dunƙule, sannan in bar shi ya sake tafasowa in matsa tsamiya. Tsamiyar ce ke kashe ƙarnin. In na yi sakaci na zuba gaba ɗaya sai ya yi gudaji, shi kuma da ya ga gudajin ya ajiye kofin.

Da cikinsa ya ɗan buɗe na shiga yi masa alala. Ina kaɗa ƙwai a cikin ƙullun waken kafin in zuba a gwangwani, sai ta fito da taushi kamar ba ta wake ba. Tumatir ya fara nuna a gona, ƙaninsa ne ke ban ruwa da tsinka, kullum yana shigo mana da waɗanda suka fashe ba za su shiga kwando ba. Da su nake yin miya mai kauri da albasa, in ta soyu in fasa ƙwai a kai in rufe, in zuba masa a kan dafaffiyar shinkafa. Na gane cewa ƙwan da ya daɗe a ajiye ba ya soyuwa da kyau shi kaɗai, farinsa ya yi ruwa, gwaiduwar na fashewa da an taɓa. Amma in dafa shi aka yi, ɓawon yana fita salin alin. Kuma na koyi fasa kowanne a kofi daban kafin in haɗa da wani abu, bayan ranar da guda ɗaya ya ɓata min ƙullun alala gaba ɗaya.

Wata safiya yana shan kunu ya dube ni ya ce, "Ƙwan nan na Inna ne?"

Na ce, "Ta ce sun fara juyawa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Tun ina yaro nake ganin randar nan. Ban taɓa sanin ɗanɗanon abin da ke ciki ba sai da na kwanta."

Inna ba ta taɓa leƙa shi ba. In na fito da kwanonsa sai in ga tana shara a kusa da ƙofata, wurin da ta riga ta share. Za ta ce, "An tashi lafiya?" In ce lafiya lau. Ta saci kallon kwanon ta ce, "An ci?" In ce an ci rabi, ko an cinye. In an cinye sai ta ci gaba da shararta. In rabi ne sai ta ce, "Gobe ki rage gishiri," ko "Ki bari ya huce tukuna."

Babbar salla ta zo a cikin jinyar. Na saba yi wa yara kek da cincin, amma ban ga yadda zan ɗauki ƙwan mara lafiya in zuba a fulawa ba. Cincin bai ba ni wahala ba, na ƙara bota da madarar gari na murza, ya fito da ɗan tauri amma ya daɗe bai yi komai ba. Kek ne na yi ta tunani. Na tuna wata yayata takan sa kindirmo in ƙwanta bai kai ba. Na sayi kindirmo mai kauri wajen mai nono, na sami ayaba da ta nuna har bayanta ya yi baƙi, na dame ta, na haɗa da bota da sukari da fulawa da bekin foda. A gwangwanayen madara na zuba, na gasa a tukunya mai yashi, wuta a ƙasa, garwashi a kan marfi. Bai tashi kamar na ƙwai ba, ya yi nauyi, yana ƙanshin ayaba. Yara suka cinye nasu a ranar. Wanda na ɓoye don baƙi kafin a gama yawon salla ya yi fumfuna, na gane irin wannan ba na ajiya ba ne.

Bayan salla ba da daɗewa ba rediyo ta fara maganar murar tsuntsaye. Aka ce ta shiga manyan gidajen gona na kusa da birni, ana kashe kaji ana binnewa, kuma tana iya kama mutum. Da farko ƙwan gidan gona ya faɗi warwas, ba mai saye. Daga baya ya ɓace daga teburin mai shayin bakin titi gaba ɗaya. Ana cikin haka kajinmu na gida suka fara sunkuyar da kai suna tsayawa wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya. Ba wanda ya zo ya gwada, don haka har yau ban san ko ita ce ba. Inna ta ce ciwon da ke zuwa wa kaji da sanyi ne, ta sha ganin sa. Ƙanin maigidana ya ɗaura leda a hannu ya kwashe su ya binne a bayan gari, ya zuba toka a akurkin. Zabin da ke kan bishiya kaɗan ne suka mutu.

Da ya dawo daga binnewar ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, ƙwan randar nan ma a fitar a binne. Ga mara lafiya a gida, ga yara."

Inna ta ce, "Tun shinkafa ba ta nuna ba aka saka ƙwan nan. Ciwon yana ina a lokacin?"

"Ni dai abin da ake faɗa a rediyo nake gaya miki."

"Na ji. Ka je ka wanke hannunka."

Ya juyo wajena ya ce, "Yaya, ke ce mai dafawa, ki yi magana."

Na ce masa ranar karɓar magani ta kusa, zan tambaya. Kafin ranar ban fasa ko ɗaya ba, na riƙa yin kunun haka nan. Inna ta ci gaba da ajiye ƙwaryar a ƙofata, ina tarawa. Malamar asibiti ta saurare ni ta ce tunda tsohon ajiya ne in ci gaba, amma ya dahu sosai, kar gwaiduwa ta yi ruwa-ruwa, in wanke hannu da sabulu bayan na fasa. Ta ce ɗanye kuwa kar in kuskura.

Nan ne aka sami ɗan saɓani. Tun farkon jinyar Inna takan ce in fasa ɗanye in kaɗa da zuma in ba shi kafin ya karya, kuma na yi ta yi. Da na dawo na durƙusa na ce, "Inna, sun ce a ci gaba. Amma na zumar nan sun ce a bari."

Ta ce, "Da shi na yi wa ubansu jinyar tari har sau biyu."

Na yunƙura zan tashi. Sannan ta ce, "Su suka ba shi magani. A bi nasu." Kwana biyu ba ta tambaye ni ko an ci ba. A na uku na tarar da kwalbar zuma kusa da ƙwaryar, na riƙa zuba masa a kunu.

Abin da ciwon kaji bai yi ba zafi ya yi. Da bazara ta kama, ɗakin Inna ya zama kamar tanda, yashin ƙarƙashin randar yana bushewa kafin azahar. In na gwada a ruwa, masu tsayawa da tsini suka fi masu kwanciya yawa, masu tasowa kuma suka ƙaru. Wata rana da rana tsaka ɗaya ya fashe a cikin randar, warin ya kore mu daga tsakar gida. Muka fito da randar ni da ita, muka zazzage ɓuntun a tabarma muka tsince abin da ya rage. Masu kyau ba su cika ƙwarya ba, kuma a fili yake ba za su ƙara mako ba.

Inna ta ce, "Dafa su duka."

Na ce, "Ai ba zai iya cinye su ba."

Ta ce, "Gara cikin mutane da bola."

Na dafa. Ta zauna a kan tabarma ta kira yarana, ta ɓare da kanta ta ba kowa a hannu, ta aika wa ƙanin nasa a shago. 'Yata ta karɓa tana kallona, don ta san dokar gidan. Na ce ta ci. Inna ma ta ci ɗaya da gishiri, ta ce ya yi tsufa.

Daga nan babu ƙwai a gidan, kuma saura da yawa ruwa ya sauka. Maigidana ya fara zama a zaure, amma har lokacin in ya taka zuwa masallaci sai ya huta a hanya. Ga maganin bai ƙare ba. Wake ya gundure shi, nama kuma ba kullum ba.

Maƙwabciyarmu, matar wani mai aiki a injin casa, 'yar wajen Zariya ce, takan yi awara jifa-jifa don yaranta. A lokacin awara ba ta cika gari kamar yanzu ba, mutane da yawa a ƙauyen suna ƙyamar ta. Ita ta ce min, "Maman yara, ki gwada masa. In kin iya dagargaza ta da tumatir, wallahi kamar ƙwai." Ta shigo ta nuna min sau ɗaya. A jiƙa waken suya ya kumbura, a kai markaɗe, a tace da ƙyalle mai laushi, a ɗora ruwan a wuta. In ya tafaso a riƙa zuba ruwan tsamin da aka tsiyaye daga gasarar koko, kaɗan-kaɗan, har ya tsinke ya taso fari-fari. A kwashe a ƙyalle a ɗaure, a ɗora dutse ruwan ya fita.

Ta farko da na yi ni kaɗai na cika ruwan tsami, ta yi tauri tana tsami, awaki suka ci. Ta biyu ta yi. Ban danne ta sosai ba don ta yi taushi. Na soya albasa da tumatir da attaruhu, na ɗiga manja don launi, na marmasa awarar a ciki na juya. A ido ba ka raba ta da soyayyen ƙwai. Na kai masa da burodi ban gaya masa ko mene ne ba.

Ya ci loma biyu ya ce, "Wannan ba ƙwai ba ne."

Na ce, "Awara ce."

"Na randar ya ƙare?"

"Ya ƙare."

Ya ci gaba da ci. Ya ce in ƙara yaji gobe. Da ita muka ƙarasa bazarar. Ba ta kwana a zafin nan sai an soya ta, don haka kusan kullum sai na yi sabuwa. Madarar waken ma na riƙa ɗiba kafin in sa tsami in dama masa kunu da ita, dusar kuma in haɗa da ƙullun ƙosai. Inna ba ta taɓa kai awara bakinta ba, ta ce ba ta cin abin da ba ta san kansa ba. Amma ita ke tsince min waken, kuma ita ta samo min dutsen dannewa mai faɗi.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, zabin da suka rage suka koma yin ƙwai. Kusan lokacin ne aka sake gwada kakin maigidana aka ce babu komai, ya ƙarasa sauran maganin. Kumatunsa sun ciko, amma malamar ta ce kar ya shiga ruwan dashe bana. Ƙaninsa da 'yan ƙwadago suka yi dashen, shi yana gida, zaman ya ishe shi.

Inna kuma tana son ta mayar da zabin da ta rasa. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwanta ta ƙyanƙyashe, ga shi duk unguwar babu kazar da ta rage. Sai maƙwabciyarmu ta ba da aron agwagwarta da ta fara kwanci. Aka janye ƙwanta aka sa mata na zabi, ta kwanta a kai ba ta damu ba, har ta ƙyanƙyashe su.

Matsalar ta fito ranar da ta fara fita da su. Kai tsaye ta nufi ƙaramin kanal ɗin bayan gida ta faɗa ruwa, 'yan zabin suka bi ta. Biyu ruwa ya tafi da su kafin 'yata ta zo ta gaya mana. Inna ta tsaya a tsakar gida ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "Da za a sami mai zaman banza ya kewaye wurin nan da kara, da an huta."

Maigidana yana zaure, ya ji. Ya tashi ya ɗauko lauje da igiya. Ya yini yana kafa karan dawa, yana yi yana hutawa, ya bar wa agwagwar tsohon kasko da ruwa a ciki, ya zuba tsakuwa don kar 'yan zabin su nutse. Shi ne aikin farko da ya yi da hannunsa tun da ya kwanta. Da la'asar ya shigo ya wanke ƙafa ya ce min yunwa yake ji.